Gernot Rohr: Mai tsaron bayan da ya bar bencin Bayern, ya yi shekara 12 a Bordeaux kafin ya zo Mena

Da daren Alhamis 24 ga watan Janairun 2013, gidan kallon da muke zuwa a garin Filingue ya cika har bakin ƙofa. Lokacin hunturu ne, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, injin wuta na ta ruri a bayan zana. Mena ce ke karawa da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a birnin Port Elizabeth na Afirka ta Kudu, a gasar cin kofin nahiyar Afirka. Aka yi minti casa'in babu wanda ya jefa ƙwallo a raga. Amma da alƙalin wasa ya busa tashi, sai wuri ya kaure da ihu kamar kofin muka ɗauko. Wannan canjaras ɗin shi ne maki na farko da Nijar ta samu a tarihin gasar, kuma har yau ba ta ƙara wani a kansa ba.

Ina ɗan kwaleji a lokacin. Abu biyu na riƙe daga wannan dare: yadda mai tsaron raga Kassaly Daouda ya riƙa tare wa Dieumerci Mbokani da abokansa hanya, da kuma wani dattijon Bature mai furfura da kyamara ke yawan haskowa a bakin fili. Mu dai koci muka san shi. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya san mutumin ya taɓa sanya rigar Bayern Munich tare da Franz Beckenbauer, ko kuma shi aka taɓa ɗora wa riƙon Michel Platini a wani babban wasa na Turai.

Sunansa Gernot Rohr. Ƴan Nijar sun san shi da Mena, ƴan Najeriya sun san shi da Super Eagles, daga baya kuma ya karɓi tawagar Benin. Sai dai kafin ya zama mai horarwa, ya shafe shekara 17 yana buga baya a Jamus da Faransa. Waɗannan shekarun sun cancanci matasanmu su san su, ko suna gida ko suna ci-rani, domin labari ne na wanda ya bar babban gida inda ba a ba shi aiki, ya nufi inda ake bukatarsa, kuma ya zauna.

Gidan da ƙwallo ta zama gado

An haifi Rohr ranar 28 ga watan Yunin 1953 a Mannheim, wani birnin masana'antu da ke bakin kogin Rhine a Jamus ta Yamma ta wancan lokaci. Mahaifinsa, Philipp Rohr, ɗan ƙwallo ne kuma mai horarwa. Amma wanda ya fi suna a dangin shi ne ɗan'uwan kakansa, Oskar Rohr.

Oskar ne ya ci ƙwallon farko da bugun fenareti a wasan ƙarshe na 1932, ranar da Bayern Munich ta doke Eintracht Frankfurt da ci 2-0 ta zama zakaran Jamus karo na farko. A wancan zamani ba a yarda mutum ya mayar da ƙwallo sana'a a Jamus ba, don haka Oskar ya tsallaka zuwa Suwizalan, daga can ya wuce Strasbourg ta Faransa, inda ya fi kowa cin ƙwallo a kakar 1936 zuwa 1937 da ƙwallo 30. Gwamnatin Nazi ta ɗauki wannan fita a matsayin cin amanar ƙasa. Lokacin yaƙin duniya na biyu an kama shi, an tsare shi a sansanin Kislau, sannan aka tura shi fagen daga a gabas. Ya tsira da ransa, ya rayu har 1988.

Ke nan tun kafin a haifi Gernot, danginsa sun san daɗin ci-rani da ɗacinsa, kuma hanyar da ya bi daga baya, daga Bayern zuwa Faransa, wani nasa ya riga ya taka ta.

Shi kansa ya fara ne a VfL Neckarau, ƙaramin kulob na unguwarsu a Mannheim. Daga nan Bayern ta ɗauke shi a 1972, yana da shekara 19.

Lambobin yabo daga kan benci

Duk yaron da ke buga ƙwallo a rairayin Dallol Bosso zai ce wannan shi ne ƙarshen buri. Amma a duba bayan da Rohr ya tarar a Munich. Beckenbauer ne ke jan ragama, Hans-Georg Schwarzenbeck na gabansa yana share masa hanya, Paul Breitner na hagu, Johnny Hansen ɗan Denmark na dama, Sepp Maier na raga. A gaba ga Gerd Müller da Uli Hoeness. Shida daga cikin ƴan wasan wannan kulob ne suka buga wa Jamus ta Yamma wasan ƙarshe na kofin duniya a 1974, suka doke Holan da ci 2-1.

Ga kuma dokar lokacin. Canji biyu kawai ake yi a wasa, ba biyar irin na yanzu ba, kuma koci bai cika taɓa bayansa ba sai in wani ya ji rauni. Matashin mai tsaron baya kan iya wata da watanni yana atisaye bai taka fili ba.

Haka ta faru da Rohr. Cikin kaka biyu, wato wasa 68 na gasar Bundesliga, sau shida kacal ya buga. Bayern ta ɗauki gasar a 1973 da 1974, ta kuma ɗauki kofin zakarun Turai a 1974 bayan ta lallasa Atletico Madrid da ci 4-0 a wasan da aka maimaita a birnin Brussels. A takarda, Rohr na cikin tawagar da ta yi duk wannan. A fili kuwa ɗan kallo ne mai riga.

Yana da shekara 21 ya bar kulob ɗin da ya fi kowane ƙarfi a Turai, ya koma garinsu, ya shiga Waldhof Mannheim da ke rukuni na biyu. Bayan shekara guda ya koma Kickers Offenbach, kusa da Frankfurt, inda ya tarar da koci Otto Rehhagel, wanda daga baya ya ɗauki kofin Turai da Girka a 2004. A nan ne Rohr ya zama ɗan wasan da ake farawa da shi. Sai dai ƙungiyar ta faɗo daga Bundesliga a 1976, ya sake tsintar kansa a rukuni na biyu.

Wanda ya dubi tafiyar daga nesa zai ce yaron yana komawa baya ne. Amma a waɗannan shekaru uku ne ya samu abin da Munich ba ta ba shi ba, wato fuskantar ɗan gaba na gaske kowane ƙarshen mako, da yin kuskure, da gyarawa a mako mai zuwa. Mai tsaron baya ba ya koyon lokacin sa ƙafa daga kan benci.

Baƙon da ya zama ɗan gida

A 1977 ya tsallaka iyaka zuwa Girondins de Bordeaux, a kudu maso yammacin Faransa, yana da shekara 24. Bordeaux ta lokacin ba ta cikin masu neman kofi. Sau ɗaya ta taɓa ɗaukar gasar Faransa, tun 1950.

Abubuwa sun fara sauyawa da Claude Bez ya karɓi shugabancin kulob ɗin a 1978, sannan Aimé Jacquet ya zama koci a 1980. Wannan Jacquet ɗin shi ne ya ɗauki kofin duniya da Faransa a 1998. Aka fara sayo manyan ƴan wasa: Bernard Lacombe, Marius Trésor, Jean Tigana wanda aka haifa a Bamako, Patrick Battiston, ga kuma Alain Giresse da ke kulob ɗin tun yana yaro. A duk lokacin da irin waɗannan suka shigo, waɗanda aka tarar ne ake sallama. Rohr bai fita ba. Ya riƙe gurbinsa, wani lokaci a gefen baya, wani lokaci a tsakiya, duk inda koci ya ga ɓaraka.

Ya koyi Faransanci, ya zauna da mutanen garin, a 1982 kuma ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. A wancan zamani doka ta taƙaita yawan baƙin da kulob zai iya sakawa a wasa, don haka baƙon da ya zama ɗan ƙasa yana buɗe wa wani gurbi. A wannan shekarar ce ɗan ƙasarsu na asali, mai cin ƙwallo Dieter Müller, ya iso Bordeaux.

Sakamakon ya biyo baya. Bordeaux ta ɗauki gasar Faransa a 1984 bayan jiran shekara 34, ta sake ɗauka a 1985 da 1987. Ta ci kofin ƙalubale na ƙasar a 1986 da 1987, duka biyun a kan Marseille. A wannan karon Rohr a cikin fili ya ci kofunan, da guminsa. Kafin ya rataye takalmi a 1989 ya buga wa kulob ɗin wasa sama da 350 a gasar ƙasar kaɗai, cikin shekara 12.

Bai taɓa buga wa babbar tawagar Jamus ba, bai kuma buga wa ta Faransa ba. Ƙwallayen da ya ci a duk tsawon zamansa a Bordeaux ba su kai abin da ɗan gaba mai kyau ke ci a kaka ɗaya ba. Aikinsa dabam ne.

Daren da aka ce ya riƙe Platini

Domin a gane aikin, sai an san yadda ake tsaron baya a wancan zamani. Yau ƙungiyoyi da yawa yanki suke tsarewa, kowa da wurinsa. A shekarun 1970 da 1980 kuwa riƙon mutum ake yi. Koci zai ware ɗan wasan da ya fi hatsari a ɗaya ɓangaren, ya ce da nasa: wannan naka ne, duk inda ya sa ƙafa ka bi shi. Mai riƙon ba ya neman ƙwallo don kansa. Burinsa kada wancan ya juya, kada ya ɗaga kai, kada ya samu daƙiƙa biyu na tunani. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali ya san irin wannan: wani ɗan kokawa ba ya gaggawar kayarwa, hana abokin karawa kamun da yake so kawai yake yi har ya gaji.

A watan Afrilun 1985 Bordeaux ta haɗu da Juventus ta Italiya a wasan dab da na ƙarshe na kofin zakarun Turai. Platini ne ke jan Juventus, kuma shi ne ya lashe Ballon d'Or sau uku a jere, 1983 da 1984 da 1985. A wasan farko a Turin an ci Bordeaux 3-0, Zbigniew Boniek da Massimo Briaschi da Platini kowa ya jefa ɗaya.

A wasa na biyu, ranar 24 ga Afrilu a filin Parc Lescure, gaban mutum sama da 40,000, Jacquet ya ɗora wa Rohr riƙon Platini. Juventus ba ta ci ko ɗaya ba a wannan dare. Dieter Müller ya ci wa Bordeaux ta farko, Battiston ya ƙara ta biyu da wani dogon bugu. Ƙwallo ɗaya ta rage a tafi ƙarin lokaci, amma ba ta samu ba. Juventus ta wuce da 3-2 jimilla, ta je ta doke Liverpool a wasan ƙarshe a filin Heysel, ranar da mutum 39 suka mutu a turmutsitsi.

Jaridu sun buga sunayen waɗanda suka ci ƙwallo. Amma magoya bayan Bordeaux har yau suna tuna wanda ya sa gwarzon Turai ya yi minti casa'in bai sake ba.

Ranar da aikin ya wuce gona da iri

Wannan sana'a tana da ɓangarenta mara daɗi, kuma adalci ne a faɗe shi. A 1986 Giresse ya bar Bordeaux bayan shekara 16, ya koma Marseille, wadda attajiri Bernard Tapie ya karɓa a shekarar. Gaba tsakanin Bez da Tapie ta yi tsanani, ta kuma sauko har cikin fili.

Da Marseille ta zo Parc Lescure a watan Afrilun 1987, Rohr aka bai wa riƙon Giresse, mutumin da suka yi shekara tara suna sanya riga ɗaya. Riƙon ya yi muni, tare da sara da ture, har rikici ya ɓarke. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ɗaga wa Rohr jan kati, shi da Abdoulaye Diallo, ɗan Senegal da ke buga wa Marseille. Bordeaux ta ci wasan 3-0, ta kuma ɗauki gasa da kofi a wannan kakar, amma da yawa daga masu kallo ba su ji daɗin yadda aka tarbi tsohon kyaftin ɗinsu ba.

Biyayya ga umarnin koci ita ta ɗaga Rohr, ita ce kuma ta bar masa wannan tabon. Bayan shekara 25 mutanen biyu sun sake haɗuwa a Libreville, kowa a bencinsa: Rohr na horar da Gabon, Giresse na horar da Mali. Ranar 5 ga Fabrairun 2012 aka tashi 1-1, Mali ta fitar da Gabon mai masaukin baƙi a bugun fenareti.

Daga fili zuwa bakin fili

Da ya daina wasa bai bar Bordeaux ba. Ya koma sashen rainon matasa na kulob ɗin. A 1991, lokacin da bashi ya sa hukuma ta mayar da ƙungiyar rukuni na biyu, shi aka miƙa wa ita, ya kuma dawo da ita sama cikin kaka guda. Duk da haka aka ɗauko Rolland Courbis aka ba shi kujerar, Rohr ya koma wurin yara.

A watan Fabrairun 1996 aka sake kiransa cikin gaggawa. Wata guda bayan haka Bordeaux ta yi abin da ba a manta ba: AC Milan ta ci ta 2-0 a Italiya a kofin UEFA, ita kuma ta rama da 3-0 a gida, Didier Tholot ya ci ɗaya, Christophe Dugarry ya ci biyu, Zinedine Zidane da Bixente Lizarazu na cikin fili. A wasan ƙarshe sai ga Bayern Munich, kuma mai horar da ita a lokacin Beckenbauer ne, wanda Rohr ya yi shekara biyu yana kallo daga benci. Bayern ta ci 2-0 a gida, ta ci 3-1 a Bordeaux.

Bayan nan ya zaga Nice da Young Boys ta Suwizalan da Ajaccio da Etoile du Sahel ta Tunisiya da Nantes, kafin Gabon ta ɗauke shi a 2010.

Yadda ya iso Yamai

Haɗuwar Nijar da Rohr ta farko ba ta yi mana daɗi ba. Harouna Doula ne ya kai Mena gasar Afirka karo na farko, bayan ta zo ta ɗaya a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo, abin da ya sa hukumar CAF ta zaɓe shi kocin shekarar 2011. Wasan Mena na farko a gasar, ranar 23 ga Janairun 2012, da Gabon ta Rohr ne, aka ci mu 2-0, Pierre-Emerick Aubameyang ya fara buɗe raga. Tunisiya da Maroko su ma suka ci mu, muka dawo babu maki.

A watan Satumbar 2012 hukumar FENIFOOT, ƙarƙashin Kanar Djibrilla Hima Hamidou, ta bai wa Rohr aikin. Wanda ya riƙe ƙungiyar kafin shi kuwa Courbis ne, mutumin da ya gaje shi a Bordeaux har sau biyu. Gini ta ci Mena 1-0 a Conakry. Ranar 14 ga Oktoba, a filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda ke ɗauke da sunan ɗan Fandou ta nan yankinmu, Mena ta rama da 2-0. Mohamed Chikoto, mai tsaron baya, shi ya ci ta farko, Issoufou Boubacar ya ƙara.

A Afirka ta Kudu an ga hannun tsohon mai tsaron baya. Mena ta riƙe Mali har saura ƴan mintuna kafin Seydou Keita ya ci, ta hana Kwango ci, sannan Gana ta buɗe ta da 3-0. An kuma ga iyakar salon: wasa uku, Mena ba ta ci ƙwallo ko ɗaya ba. Rohr ya ajiye aikin a watan Oktoban 2014, bayan sakamako ya ƙi kyau a neman gurbin gasar 2015.

A Najeriya, inda ya yi aiki daga Agustan 2016 zuwa Disambar 2021, ya kai Super Eagles kofin duniya na 2018 a Rasha, inda Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu, ya kuma zo na uku a gasar Afirka ta 2019 a Masar. Can ma ƙorafin da aka fi yi a kansa shi ne taka-tsantsan ya yi yawa. Abin mamaki, ɗaya daga cikin wasannin da suka fi zubar masa da daraja shi ne wanda baya ta rushe: Najeriya na gaba da 4-0 Saliyo ta farke duka a birnin Benin a 2020.

Abin da ya shafi yaron Kurfey

A ƙasar Kurfey tafiya ba baƙon abu ba ce. Da an gama girbin hatsi samari ke ɗaukar jaka, wasu Yamai, wasu Kwatano ko Abijan ko Legas, wasu su hau arewa zuwa Aljeriya da Libiya. Yanzu an ƙara da wani sabon buri, na tafiya da takalmin ƙwallo. A kowace fada, kan butar shayi, za ka ji ana lissafin albashin ƴan wasan Madrid da na Manchester, kuma kusan kowane yaro ɗan gaba yake son zama.

Tarihin Rohr yana da abin da zai ce a wannan hira. Sunan kulob ba ya buga wa mutum ƙwallo. Shekara biyu a Bayern sun ba shi hoto da manya, shekara uku a Waldhof da Offenbach sun ba shi sana'a, shekara 12 a gari ɗaya sun ba shi harshe da takarda da mutunci, da kuma aikin da ya ci gaba da ci bayan ƙafa ta gaji. Ɗan ci-ranin da ke sauya gari duk wata shida saboda an ce can ta fi, ya san abin da ake rasawa a irin wannan yawo.

Ko a tarihin Moussa Maazou, gwarzon da ya ci Masar a Yamai a watan Oktoban 2010, akwai abin lura. Daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam ya haskaka, CSKA Moscow ta saye shi a 2009, daga nan aka shiga ba da shi aro, zuwa Monaco, sannan ita wannan Bordeaux ɗin, inda bai daɗe ba. Baiwarsa ba ta da shakka, kuma abin da ya yi wa Mena ba zai gogu ba. Amma bai samu irin dogon zaman da ke sa kulob ya gina ƙungiya a kan mutum ba.

Sai dai kada a ɗora komai a kan haƙurin yaro. Rohr ya iya sauka daga Bayern ne domin akwai matakalar da zai taka: kulob na unguwa mai rajista, rukuni na biyu mai albashi, gasa da ake bugawa kowane mako. Yaron Filingue, mai tazarar kilomita kusan 180 daga Yamai, ina tasa matakalar? Yawancin manyan kulob ɗin ƙasar, irin su Sahel SC da AS FAN da AS Douanes da AS GNN, a babban birni suke. Matsalar tsaro a jihar Tillaberi ta sa zirga-zirga tsakanin garuruwa ta yi wuya. Ita kanta Mena a shekarun nan ta sha buga wasanninta na gida a ƙasashen waje, irin su Maroko. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

A irin wannan giɓi ne dillalan bogi ke shiga. Iyaye su sayar da saniya ko gona, a karɓi kuɗi da sunan gwaji a Turai, yaro ya ƙare a wani birni babu kulob babu kuɗin komawa. Ya kamata kowane gida ya san cewa dokar FIFA ta hana a sauya wa yaron da bai kai shekara 18 ba kulob daga wata ƙasa zuwa wata, sai a ƴan yanayi ƙalilan. Duk wanda ya zo da alƙawarin kai ɗan shekara 15 Turai gobe, a tambaye shi takardar izininsa da wasiƙar gayyata ta kulob, a kuma kai su FENIFOOT ta duba kafin a fitar da ko dala.

Ba a rasa alamun cewa yaranmu na iyawa. Ƴan ƙasa da shekara 17 na Nijar sun je kofin duniya a Indiya a 2017 har suka tsallake rukuni. Mena ta ƴan wasan gida, ƙarƙashin Harouna Doula, ta kai wasan dab da na ƙarshe a gasar CHAN da aka buga a Aljeriya a farkon 2023. Abin da ya rage shi ne gasar yara mai ɗorewa a matakin gunduma da jiha, da masu horarwa da za su koya wa yaro tsayuwa da karanta wasa tun yana ƙarami.

Da la'asar, idan rana ta yi sanyi, har yanzu yara na taruwa a filayen Filingue su raba ƙungiya. Yadda muka yi a zamaninmu haka suke yi: gwanaye su zaɓi gaba, wanda ya zo a makare ko wanda ba a yarda da ƙafarsa ba a ce ya koma baya. Ni ma baya aka riƙa tura ni, kuma ina jin haushi. Da na san a lokacin cewa dattijon nan na bakin fili a Port Elizabeth a baya ya ci abincinsa shekara 17, kuma makin nan ɗaya tilo da muka yi wa ihu ƴan baya da mai tsaron raga ne suka kawo shi, da na tsaya a wurina ba tare da gunaguni ba.